Ƙaton da Ya Bari a Tanki

A gida Babba ake ce masa, don shi ne na fari a wajen Inna. A layinsu kuwa Mai Tanki. Duk wanda ya san shi zai gaya maka mutum ne da bai taɓa ɗaga murya ba, bai taɓa roƙon kowa komai ba, bai kuma taɓa zargin wani da bakinsa ba. Duk gaskiya ne. Abin da mutane ba su lura da shi ba shi ne, da wuya abin da yake so ya wuce shi.

Tun yana yaro haka yake. In yana son naman da ke gaban ƙanensa, ba ya miƙa hannu. Sai ya ture kwanonsa gefe ya ce ya ƙoshi, ya zauna yana kallon bango, har Inna ta ji babu daɗi ta ɗauko ta ba shi. Matarsa ma takan faɗa cikin raha cewa bai taɓa cewa yana sonta ba. Zuwa kawai ya riƙa yi gidansu yana gyara famfon da lafiyarsa ƙalau, har ita ta gaji ta tambaye shi abin da yake nufi.

Ƙuruciyarsa duk a gyaran injin jan ruwa ta ƙare. Ya shiga rijiyoyi, ya hau saman benaye, ya kwanta a cikin laka yana lalubar inda bututu ke shan iska. Daga wannan aikin ya fito da ciwon baya da kuma magana guda da yake alfahari da ita: wai ruwa ba a jansa, gurbi ake buɗe masa, shi da kansa ya rugo ya cike. Da bayan ya hana shi sunkuyawa cikin rijiya, sai ya gina tankunan siminti a filin da ke bayan gida, ya rufa musu kwano, ya kewaye gefen da raga saboda tsuntsaye, ya sa ƙofa da kwaɗo. Ya shiga ƙyanƙyasar tarwaɗa yana sayar wa masu kiwo 'ya'yan. Wurin kullum a jiƙe yake, da ƙarni, da tiyo a nannaɗe a ƙasa, da bahuna a kife a jikin bango.

A nan ne kaɗai bakinsa ke buɗewa. Duk sabon mai saye sai ya tsayar da shi a bakin tanki ya yi masa karatu. Yakan ce kifi ba ya cafkar abinci kamar kare, don in ya kai wawura, ruwan da ke gabansa zai tura, abincin ya gudu tare da ruwan. Matsowa yake yi a hankali har ya kusan taɓa abin. Sannan ya wage baki, ƙasan maƙogwaronsa ya faɗa, kansa ya ɗan ɗaga, kumatunsa su buɗe, daga gaba zuwa baya, duk kafin ka ƙifta ido. Cikin bakin ya zama fanko, ruwan da ke gabansa ya ruga ciki, ya tafi da duk abin da ke cikinsa. Sai bakin ya rufe, marfin da ke gefen kai ya buɗe, ruwa ya fita ta nan, abinci ya zauna. Yakan ɗauko tsohon sirinji ya ja a cikin bokiti ya nuna musu. Yakan ce ƙarfin ma ba a muƙamuƙi yake ba, naman baya da na ciki ne ke yin aikin, wanda kifin ke iyo da shi. Daga nesa dabarar ba ta ci, sai abin da ya matso kusa.

Ƙarshen karatun kullum gargaɗi ne. A cikin kowace ƙyanƙyasa akan sami 'yan tsiraru da ke fin 'yan uwansu saurin girma. Da zarar bakin ɗaya ya kai faɗin kan ɗan uwansa, shi ke nan, ya bar cin abincin da kake zuba musu. Ba za ka ga gawa ba, ba za ka ga jini ba, yawansu kawai zai riƙa raguwa. Shi ya sa ake tace su a kai a kai, a fitar da ƙattan. Wannan tacewar aikinsa ne shi kaɗai, ba ya barin kowa ya yi.

Auta, ƙanensa, direban babbar mota ne har lokacin da ciwon suga ya taɓa masa ido, likita ya ce ya bar sitiyari. Babba bai gayyace shi ba. A gaban Inna dai ya faɗa, kamar mai magana da kansa, cewa ɗakin baya yana nan babu kowa, aiki kuma ya fara fin ƙarfinsa. Inna ce ta ɗauki waya ta kira. Abin da Babba ya hango a ransa shi ne ƙane mai karayar zuciya, wanda zai riƙa ɗaukar bokiti yana godiya.

Wanda ya zo da jaka guda ba irin wannan ƙanen ba ne. Auta ya shigo da surutunsa da dariyarsa kamar ba shi ne ido ya raba da sana'a ba. Yana wanke tanki yana ba kifaye labarin hanya. Yakan ce wa matar Babba, in ta ƙara gishiri a abinci zai kai ƙararta wajen likitansa, ita kuma ta ce ya fara biyan kuɗin kwanon da ya fasa tukuna. Masu saye suka soma tsayawa hira bayan sun gama ciniki. Mai walda da ke bakin layi ya riƙa leƙowa da rana. Inna, wadda ta daɗe ba ta fita daga ɗakinta saboda gwiwa, ta ce a riƙa kai mata kujera bakin tankunan, wai iskar wurin ta fi. Babba ya san ba iska ba ce. Shekaru tana gidansa, yana saya mata magani, yana gyara mata fanka, bai taɓa jin ta yi irin dariyar da take yi yanzu ba, wadda har sai ta share ido da gefen mayafi.

Wata safiya yana tace ƙananan da ke tankin ƙarshe, sai ga wani a cikin 'yar ragarsa ya ninka sauran, baƙi wuluk, da faffaɗan kai. Ya ɗaga shi zai jefa a bahon ƙattai. Daidai nan ya ji wani baƙo a ƙofar gida yana tambaya ko nan ne gidan kifin Direba. Ya ji Auta ya amsa da cewa nan ne, ya shigo. Ya ji Inna ta yi dariya.

Babba ya karkata ragar. Ƙaton ya sulale ya koma ruwa.

In da za ka titsiye shi a ranar, zai rantse maka bai shirya komai ba, kuma ba ƙarya zai yi sosai ba. Ya gaya wa kansa so yake ya ga iya girman da zai yi. Washegari ya ce gobe zai fitar da shi. A tacewa ta gaba, da ya hango inuwarsa a kusurwar da bututu ke shigowa, sai ragar ta bi ta ɗaya gefen.

Ya taɓa tsayawa ya kalle shi yana ci. Ƙaton na kwance a ƙasa kamar guntun itace, gashin bakinsa kawai ke motsi. Wani ƙarami ya zo yana tsintar abinci a gabansa, ya matso, ya ƙara matsowa. Babba bai ga lokacin da abin ya faru ba. Ƙaramin yana nan, sai kuma babu shi. Kumatun ƙaton suka ɗan kumbura suka koma, 'yar ƙura ta tashi a gefen kansa ta kwanta. Sauran da ke kusa ko gezau ba su yi ba. Babba ya ji wani abu mai kama da sha'awa, ya kuma ji kunyar jin sa, ya ɗauki tiyo ya koma wani tankin.

Matarsa ce ta fara magana, suna cin abincin rana, Auta ya fita kai wa wani kifi tasha. Ta ce ita fa tankin ƙarshe ya yi mata fayau, da baƙi ƙirin yake da kifi, yanzu har ƙasan siminti ake gani. Ko ciwo ne?

Babba ya tauna lomarsa a hankali. Ya ce shi ma abin ya ɗaure masa kai. In ciwo ne da an ga gawa. Tsuntsu ba ya shiga, raga lafiya lau take. Ya kurɓi ruwa. "Makulli kuma biyu ne."

Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Kowa a gidan ya san ɗayan yana rataye a wuyan Auta. Ya ci gaba da cin abincinsa.

Sauran ba shi ya yi ba. Matarsa ta faɗa wa mai shagon da take sayen sabulu, ba da mugun nufi ba, damuwa ce ta yi mata yawa. Mai shago ta tuna ta sha ganin Auta yana fita da bokiti a rufe. Mai walda ya ce shi ma ya gani, da yamma, ta ƙofar baya. Tsohon ruwan tanki ne Auta ke kai wa 'yan bishiyoyin da ya dasa a bakin hanya, amma ba wanda ya bi shi ya gani. Wani ya ce ai direbobi sun saba da sayar da man mota a hanya, hannu in ya saba ba ya zama. Wani ya ce ciwon suga akwai cin kuɗi. Duk wanda ya zo wa Babba da maganar, sai ya girgiza kai ya ce a bar zancen, ɗan uwansa ne. Sai su tafi suna yaba haƙurinsa.

Auta ne na ƙarshe da ya gane. Ya dai ga barkwancinsa ya daina kamawa. Mai walda ya daina leƙowa. Masu saye suka koma neman Mai Tanki da kansa, suna cewa za su jira. Matar Babba ta daina yi masa zancen kwanon da ya fasa, ta fara kulle ɗakinta in za ta shiga kicin. Ranar da ya ji ƙarar makullin nan, ya ajiye bokiti ya sami yayansa yana zuƙar tiyo don ruwa ya taso.

"Yaya, na ji abin da ake faɗa. Kai ma haka kake gani?"

Babba ya tofar da ruwan da ya shigo masa baki, ya saita tiyon a magudana. Bai ɗago ba. "Ni ban ce komai ba."

Auta ya daɗe a tsaye yana jiran ƙari. Ƙaton yana can a kusurwa, tsakaninsu da shi bai fi tsawon hannu ba, amma idon Auta ba ya rarrabe baƙi a cikin baƙin ruwa. Babba ya san da haka. Shi ne ma dalilin da ya ba shi tun ranar farko na hana shi tacewa.

Babba ya sami abin da yake so, ya kuma tarar ba ya ciyuwa. Filin tankunan ya koma shiru irin na da. Inna ta daina cewa a kai mata kujera, abincinta yana dawowa kusan yadda aka kai shi. Auta yana aikinsa ba ya yi wa kifaye magana. Ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Daga bisani ya ce wani abokinsa mai gareji ya ce ya zo ya riƙa tsare masa kayan aiki, akwai benci da zai riƙa kwana a kai. Ya cire makullin daga zaren wuyansa ya rataye a ƙusa. Babba ya ce masa ba wanda ya kore shi. Wannan ma gaskiya ne.

Ranar da Auta zai tafi ta zo daidai da ranar da mai saye zai kwashe tankin ƙarshe. In za a kwashe, zubar da ruwan ake yi a gaban mai kaya har ƙasa ta fito, duk abin da ke ciki a gan shi. Don haka da rana ta ɗan ɗago, kafin kowa ya zo, Babba ya shiga da babbar raga. Ƙaton ya yi nauyi, ya kusan kai tsawon tafin hannu biyu, a cikin 'yan uwan da ba su fi ɗan yatsa ba. Ya jefa shi a baho, ya zuba ruwa kaɗan, ya rufa buhu. Niyyarsa ya fita ta ƙofar baya ya juye shi a babbar kwata.

Hanyar ƙofar baya ta gaban ɗakin Inna take bi. Tana zaune a bakin ƙofa, jakar Auta a gefen ƙafarta, ta ɗora hannu a kai. Babba ya gaishe ta yana tafiya. Sai kifin ya yi wani tsalle, buhun ya zame, ruwa ya fallatsa mata a zane.

Ta tambaye shi mene ne. Ya ajiye bahon. Auta ya fito daga ɗakin da takalmi a hannu, ya sunkuya har hancinsa ya kusan taɓa ruwan. Kifin, saboda wahalar raga da girgizar baho, ya wage baki ya amayo wani ƙarami, fari fat, bai gama narkewa ba.

Auta ya kalli ƙaramin, ya kalli ƙaton. Sai dariyar nan tasa da aka daɗe ba a ji ba ta dawo gaba ɗaya. Ya jefar da takalmin, yana kiran matar yayansa ta fito ta ga ɓarawo, ga shi nan da kayan sata a baki, a kira 'yan sanda. Ya kama hannun Babba da hannu biyu. Ya ce dama ya san Yaya ba zai bar maganar haka ba, ashe duk shirun nan bincike yake yi. Allah ya saka, Allah ya bar zumunci. Matar ta fito da ludayi a hannu, ta gani, ta rufe fuska da zane tana ba Auta haƙuri.

Babba na tsaye ana yi masa godiya. Ya ga ƙofa a buɗe. In ya yi shiru kawai, wannan ma zai shigo masa: shi ne yayan da ya wanke ƙanensa. Bai taɓa jin kunya irin ta wannan lokacin ba, kuma duk da haka bakinsa a rufe yake, yana jira.

Inna ba ta yi dariya ba. Kifin take kallo. Ta sha zama a bakin tankunan, ta ji karatun nan nasa har ta haddace.

"Babba, wannan ai ba jiya ya yi girman nan ba. Kai da kake tace su kullum, ta ina ya wuce maka?"

Ya sunkuyar da kai ya yi shirunsa na kullum. Matarsa ta fara cewa ido ai yakan kuskure. Auta ya karɓa da cewa ciwon bayan Yaya ne, sunkuyon nan ba wasa ba ne, ga kusurwar bututun da duhu. Inna ta ɗaga hannu.

"Ku bar shi. Kada wanda ya ƙara amsa masa. Ni na saba masa da wannan tun yana ƙarami, in ya yi shiru in cika masa. Yau shi zai faɗa."

Babba ya jira, ba abin da ya zo. Kifin yana buɗe baki yana rufewa a cikin ruwan da bai gama rufe masa baya ba. Da muryar ta fito, shi kansa bai gane ta ba.

"Na gan shi tun yana ƙarami. Ya shigo raga. Ni na mayar da shi."

Auta bai saki hannunsa nan take ba. A hankali ya sake shi, yatsa bayan yatsa, kamar mai ajiye abin da zai iya fashewa. Bai tambayi dalili ba. Da ya tambaya da ya fi sauƙi. Ya durƙusa ya lalubo takalminsa, ya zauna a dakali yana sawa, ya daɗe a kan igiyar ƙafa ɗaya.

Inna ta ce ba ta son kuka, ba ta son rantsuwa. Maganar nan ta fita gidan da ƙafarta, ta shiga shago, ta shiga wajen walda, ta shiga duk inda ta shiga. To, bahon nan ma zai bi ta. Babba zai ɗauka da kansa, ya tsaya a kowace ƙofa, ya nuna, ya kuma faɗi abin da ya faɗa yanzu, ba rabi ba. Matarsa ta ce ko ita ta je, tunda bakinta ne ya kai maganar. Inna ta ce ita tata tsakaninta da Auta ce, ta zauna.

Ya ɗauki bahon. Mutumin da bai taɓa ɗaukar kaya a layin nan ba tun da ya gina tanki, ya fita da shi a gaba, ruwa na zuba masa a wando. Mai shago tana jera burodi. Ya nuna mata kifin, sai ta tafa hannu ta ce ashe, ashe, Allah sarki Direba, ta fara haɗa labarin da kanta tun kafin ya ce uffan. Ya ji yadda shirun ke jansa, da daɗi, kamar gado. Ya katse ta. Ya faɗa. Ta tsaya da burodi a hannu tana kallonsa, shi kuma yana kallon ƙasan kantarta.

Wajen mai walda ya fi wuya, don akwai mutane a benci. Sai da aka kashe inji kafin a ji shi, ya maimaita da ƙarfi. Ba wanda ya zage shi. Wani tsoho ya matsar da ƙafarsa don ya wuce, shi ke nan.

Rana ta yi zafi, layin kuma da tsawo. Bayansa ya fara ja. Kifin ya daina tsalle, ya kwanta a gefe yana haki. Babba ya ajiye bahon a inuwar wata katanga yana mayar da numfashi, sai ya ji takun mutum a bayansa da ƙarar mariƙin bokiti.

Auta ne. Babu jaka a hannunsa, babu makulli a wuyansa. Bai kalli yayansa ba. Ya karkata bahon ya zubar da ruwan da ya ɗumama, ya juye masa sabo daga bokitin.

"Zai mutu kafin ka kai ƙarshen layi. In ya mutu za a ce a kasuwa ka sayo."

Babba ya buɗe baki. Auta ya ce ya ajiye maganar, akwai sauran ƙofofi. Babba ya sunkuya ya ɗauki bahon ya ci gaba. Auta ya bar shi ya yi gaba kaɗan, sannan ya ɗauki bokitin ya bi shi a baya.